Tagwayen Taurari a Cikin Ƙura: Yadda Aka Gano Su da Hasken Bayan-Ja



Sana'ata harshe ce, saboda haka inda na rasa kalmar Hausa a cikin wannan magana zan ƙirƙiro, in kuma gaya muku cewa ni na ƙirƙiro, domin wanda ya san wadda ta fi ta ya kawo.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san Kaza da 'Ya'yanta, wadda malaman hisabi ke kira Surayya. A watan Disamba ko Janairu, in dare ya ɗan yi, takan kasance kusan a tsakar ka. Gabas da ita akwai wani tauraro jaja-jaja mai haske da ake kira Dabaran, watau mai bin baya, gama kullum yana biye da Kaza. Su biyun suna cikin burjin Sauru, burjin Sa. To, a tsakaninsu, amma ta wajen Dabaran, akwai wani ɗan tauraro da ido ba ya gani sai da madubin hangen nesa. Masana suna kiransa T Tauri. A kansa ne mafi yawan maganata za ta tsaya, domin labarinsa shi ne labarin wani kuskure da aka daɗe ana yi game da haihuwar taurari, da yadda aka gyara shi.

Wani Bature mai suna John Russell Hind ne ya fara lura da shi a Landan cikin shekarar 1852. Ya ga haskensa yana ƙaruwa yana raguwa ba bisa wata ƙa'ida ba, ga kuma wani ɗan gajimare a gefensa wanda shi ma daga baya ya dushe. Harafin T da ke sunansa alama ce cewa shi ne na uku da aka samu mai irin wannan sauyin haske a burjin, domin da R ake fara lissafinsu. A shekarar 1945 Alfred Joy, wanda ke aiki a dutsen Wilson a Kalifoniya, ya tattara taurari 11 masu hali irin nasa, ya ce jinsi ɗaya ne, ya raɗa wa jinsin sunan T Tauri. Bayan shekara biyu wani masani ɗan ƙasar Armeniya, Viktor Ambartsumian, ya kawo hujja cewa waɗannan taurari jarirai ne, ba su daɗe da samuwa ba.

Jarirai a nan sai an yi bayani. Shekarun rana tamu sun kai miliyan 4,600. Taurarin da ke cikin gizagizan burjin Sa kuwa yawancinsu daga shekara miliyan 1 ne zuwa 3. In muka ɗauki rana a matsayin magidanci ɗan shekara 46, to 'ya'yan Kaza ba su wuce goyon shekara guda ba, tauraro mai shekara miliyan 2 kuwa yau ne ranar sunansa. Irin wannan tauraro bai ma kunna wutar da manyan taurari ke ci da ita ba, watau ƙonewar haidurojin a tsakiyarsa. Haskensa yana fitowa ne daga zafin tsukewa, domin nauyinsa yana danne shi yana ƙara curewa. Yana kuma zaune a tsakiyar wani faifai na iskar gas da ƙura, ragowar gajimaren da ya haife shi, kuma daga irin wannan faifai ne duniyoyi ke samuwa. Shi ya sa masana suka ɗauki T Tauri tamkar hoton rana tana jaririya: tauraro ɗaya tilo, da faifai ɗaya, da duniyoyi masu zuwa. A kan wannan siffa aka gina yawancin lissafin da aka yi har zuwa wajen 1980.

Ba wai ba a san da tagwayen taurari ba ne. Tun a 1803 William Herschel ya nuna cewa akwai taurari biyu-biyu da ke kewaya juna saboda ƙarfin janyowa da ke tsakaninsu. Shi kansa Joy, shi da abokin aikinsa van Biesbroeck, sun ba da labarin tagwaye biyar a cikin wannan jinsi tun a 1944. Abin da ya gagara shi ne ƙidaya: a cikin jarirai ɗari, nawa ne tagwaye? Abubuwa biyu suka tare hanya, ƙura a can da iska a nan.

Bari in fara da ƙura. Ana haihuwar taurari a cikin gizagizai masu duhu da sanyi, cike da ƙwayoyin ƙura da suka fi na hayaƙi ƙanƙanta. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma kowane launi da tsawon igiyarsa. Ana auna wannan tsawo da maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Hasken da idonmu ke gani daga maikiron 0.4 yake, wajen shuɗi, zuwa 0.7, wajen ja. Ƙwayar ƙura tana tare gajeriyar igiya fiye da doguwa, shi ya sa rana ke yin ja in za ta faɗi, ko in an hango ta ta cikin hayaƙin gobarar daji: shuɗin ya watse a hanya, jan ya iso. To, ashe in akwai igiyar da ta fi ja tsawo, ita za ta fi ratsa ƙura.

Akwai ta kuwa, kuma shi dai Herschel ɗin nan ne ya gano ta a shekarar 1800. Ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo, ya riƙa sa ma'aunin zafi a kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin ya wuce ja, inda ido ba ya ganin kome, sai zafin ya ƙara hawa. Wannan shi ne abin da Turawa ke kira infirared, ni kuwa zan kira shi hasken bayan-ja. Kowane maƙeri ya san shi ko da bai san sunansa ba: ƙarfe yana dukan fuska da zafi tun kafin ya yi ja, yana kuma ci gaba da dukanta bayan jan ya mutu. Ga misalin amfaninsa. A ce akwai gajimaren da ke rage hasken da ido ke gani har ya zama kashi ɗaya ne kawai cikin 10,000 ke fitowa. In aka duba ta cikin wannan gajimare da igiya mai tsawon maikiron 2.2, kusan sulusin hasken ne zai fito. Daɗin daɗawa, jariran taurari ba su kai rana zafi ba, fuskarsu tana tsakanin digiri 3,000 da 4,500, ta rana kuwa wajen 5,500, saboda haka babban rabon haskensu a bayan-ja yake tun asali. Haka ma ƙurar da ke kusa da su, wadda suka gasa.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Masana suna auna tazarar abubuwa a sama da kusurwa. Daga gabas zuwa yamma ta tsakar ka digiri 180 ne, ana raba digiri gida 3,600, kowane gida a kira shi daƙiƙar kusurwa. Don ku ji ƙanƙantarta, a ce mutum yana tsaye a Kano, wani kuma a Kaduna ya kunna fitilu biyu, mita ɗaya tsakaninsu. Da a ce doron ƙasa bai lanƙwashe ya tare su ba, tazarar da na Kano zai gani tsakanin fitilun ita ce daƙiƙar kusurwa ɗaya. Gizagizan burjin Sa suna da nisan tafiyar haske ta shekara 450 ko kusa da haka. Nisan da ke tsakaninmu da rana, kilomita miliyan 150, zan kira shi zango. A nisan waɗannan gizagizai daƙiƙar kusurwa ɗaya daidai take da zango 140. Tagwayen taurari masu kama da rana kuwa sun fi yawa a tazarar zango 30 zuwa 50, watau wajen rubu'i ko sulusin daƙiƙa ke nan.

A bisa ƙa'ida babban madubi ba zai sha wuyar raba irin wannan tazara ba. Madubi mai faɗin mita 10, a igiyar maikiron 2.2, ya kamata ya raba abubuwan da ke da tazarar kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa, watau fitilun Kaduna da faɗin yatsu uku tsakaninsu. Abin da ke ɓata lissafin shi ne iskar da ke bisa kanmu. Kun san kawalwalniyar da ke rawa a kan kwalta da rana tsaka. Irinta ce ke cike da sararin sama dare da rana, curin iska mai ɗumi da mai sanyi suna cakuɗa, kowane curi yana karkata haske ta nasa gefen. Ita ke sa taurari ƙyafce-ƙyafce. Ko a kan duwatsu mafi kyawun iska takan dame hoton tauraro ya zama tabo mai faɗin rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda. Tagwayen da muke nema duk suna ɓoye a cikin wannan tabo. Girman madubi yana ƙara tara haske, amma ba ya ƙara kaifin gani muddin iska na wannan rawa.

An ɓullo wa al'amarin ta hanyoyi dabam-dabam. Ta farko wani Bafaranshe ne, Antoine Labeyrie, ya fito da ita a 1970. Ya lura cewa in aka ɗauki hoto cikin ƙiftawar ido, kafin iska ta sake siffa, tabon yakan bayyana a matsayin tarin ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo kuwa hoton tauraron ne mai cikakken kaifi, iska ce ta jefa shi nan da can. In tauraron tagwaye ne, kowane ɗigo zai zo da abokinsa, a gefe guda, a tazara guda. Sai a ɗauki hotuna ɗaruruwa ko dubbai, a ba kwamfuta ta nemo tazarar da ke maimaituwa. Na kira wannan dabarar ɗigo-ɗigo. A nan ma bayan-ja ya yi rana, gama doguwar igiya ba ta jin rawar iska kamar gajeriya: curin iskar da ke da faɗin santimita 10 ga hasken ido yakan zama kamar santimita 60 ga igiyar maikiron 2.2, ya kuma fi jinkirin sauyawa, har a sami sararin ɗaukar hoto na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙar agogo.

Ta biyu ita ta fi ba ni sha'awa, domin da wata ake yinta. Malamanmu na hisabi sun san masaukan wata 28, sun san Surayya da Dabaran da Ƙalbu suna cikinsu. To, abin mamaki, manyan wuraren haihuwar taurari guda biyu mafi kusa da mu suna kan wannan hanya: ɗaya a burjin Sa, ɗaya kusa da Ƙalbu, jan tauraron nan na burjin Aƙrabu. Wata yana gusawa a tsakanin taurari da saurin kusan rabin daƙiƙar kusurwa a kowace daƙiƙar agogo, kuma ba shi da iska, gefensa kamar bakin aska yake. In ya rufe tauraro ɗaya, hasken yakan ɗauke farat ɗaya. In tagwaye ne sai ya ɗauke hawa biyu, na farko ya ɓace, sa'an nan na biyu. Da na'urar da ke auna haske sau ɗaruruwa a daƙiƙa ana iya raba tagwayen da tazararsu ba ta wuce kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙar kusurwa ba. Michal Simon na jami'ar Stony Brook a Amurka, shi da abokan aikinsa, sun yi shekaru suna wannan dako, suka buga sakamakonsu a 1995. Aibin hanyar shi ne mai bincike ba shi da zaɓi, sai tauraron da wata ya bi ta kansa, a daren da ya bi, in an yi sa'a babu hadari.

Hanya ta uku ita ce ta mamaye fagen daga baya. Horace Babcock ya kawo shawararta tun 1953, amma ba a sami kayan yinta don nazarin taurari ba sai a ƙarshen shekarun 1980. Ana sa wani ɗan siririn madubi a hanyar hasken, da ƙananan sanduna a bayansa masu tura shi da janyo shi. Wata na'ura tana auna yadda iska ta murɗe hasken, kwamfuta kuma tana lanƙwasa madubin ya warware murɗiyar, sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne madubi mai gyara kansa. Akwai kuma ta huɗu, inda ake haɗa hasken madubai da dama da ke nesa da juna su yi aiki kamar ƙaton madubi guda, kamar yadda ake yi a dutsen Paranal a ƙasar Cile da madubai huɗu masu faɗin mita 8.2 kowanne.

Yanzu mu koma ga T Tauri. A shekarar 1981 wasu masana uku, Dyck da Theodore Simon da Zuckerman, suka duba shi da dabarar ɗigo-ɗigo a bayan-ja daga dutsen Mauna Kea a tsibirin Hawayi. A lokacin ba su da kyamarar bayan-ja, ƙwayar ido ɗaya tak na'urarsu ke da ita, sai su riƙa goga hoton a kan wata 'yar tsaga suna auna abin da ya wuce. Duk da haka suka ga akwai wani abu kudu da tauraron, a tazarar da ba ta kai daƙiƙa guda ba, kimanin zango 100. Suka buga labarin a 1982. Wannan abokin tafiya yana da ban al'ajabi. A hasken ido babu shi sam, ko madubin Hubble da ke can bisa iska bai gan shi ba, amma in aka matsa can cikin bayan-ja har yakan fi tauraron da aka sani haske. Shekara 130 ana duban T Tauri, ashe rabin labarin aka gani. Aka kira na da T Tauri na Arewa, sabon kuwa na Kudu.

Ba a nan ta tsaya ba. A ƙarshen 1997 Chris Koresko ya juya madubin Keck mai faɗin mita 10 ga na Kudu, ya tarar shi ma biyu ne, da tazarar kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa, daidai iyakar abin da madubin zai iya. Ya buga a shekarar 2000. Tauraron da aka ɗauka abin misali ga rana tilo, 'yan uku ne.

Kafin a kai ga haka an riga an yi ƙidayar. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 an sami kyamarorin bayan-ja, ko da yake irin da ya fi yaɗuwa ƙwayoyin ido 58 ne sau 62, ba su cika 4,000 ba, alhali wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a zauren nan tana da miliyoyi. A 1993 aka buga manyan bincike biyu. Andrea Ghez da malamanta, Neugebauer da Matthews, sun duba jarirai 69 da madubin dutsen Palomar mai faɗin mita 5. Christoph Leinert da jama'arsa daga Jamus sun duba 104 a burjin Sa. Shekara biyu kafin nan Duquennoy da Mayor a Janeba sun ƙidaya tagwaye a cikin manyan taurari masu kama da rana da ke maƙwabtaka da mu, saboda haka akwai abin gwadawa. Sakamakon ya girgiza masana: jarirai sun fi manya yawan abokai da wajen ninki biyu, a wasu tazarori ma Ghez ta sami fiye da haka. Binciken da ya biyo baya da kayan aiki mafi kaifi ya nuna cewa daga kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na jariran burjin Sa suna da aboki ɗaya ko fiye, alhali a cikin manya masu kama da rana ba su cika rabi ba. (Ita Ghez ɗin da waɗannan dabaru ne ta koma bin sawun taurarin da ke kewaya baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurarinmu, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2020.)

Abu na farko da wannan ƙidaya ta tabbatar shi ne cewa tagwaye tun daga ciki suke fitowa tagwaye. Da akwai masu zaton cewa taurari biyu ne baƙin juna ke gamuwa a hanya su kame juna, amma shekara miliyan ɗaya ko biyu ba ta isa irin wannan gamo ba a wurin da taurari ke warwatse kamar burjin Sa. Ra'ayin da ya tsaya shi ne cewa gajimare yana tsagewa gida biyu ko uku sa'ad da yake curewa, ko kuwa faifan da ke kewaye da jaririn ya yi nauyi har ya guntule ya haifi wani.

Sai kuma tambaya ta taso: ina rarar ta tafi? In jarirai sun fi manya yawan tagwaye, ko dai tagwayen suna rabuwa in sun girma, ko kuwa burjin Sa ne ke da nasa hali. Aka duba gajimaren Oriyon, a cikin taurarin da Larabawa ke kira Jauza'u, inda jarirai dubbai ke cunkushe wuri guda kamar kasuwa ranar cinta. A can an tarar tagwaye masu faɗin tazara ba su da yawa. Pavel Kroupa ya riga ya kawo bayani a 1995 cewa kusan duk taurari da abokai ake haihuwarsu, amma a cikin cunkoso maƙwabta masu wucewa suna fizge waɗanda riƙonsu ya yi sako-sako. Tun da yawancin taurarin da ke sama a cunkoso aka haife su, sai manya su zama ba su kai jariran burjin Sa yawan abokai ba. Bayanin yana da daɗin ji, ni ma na fi karkata gare shi, amma bai rufe magana ba. A 2018 Gaspard Duchêne da abokansa, da madubi mai gyara kansa, sun tarar cewa a Oriyon ɗin ma tagwaye masu kusancin zango 10 zuwa 60 sun ninka na manya, irin waɗannan kuwa riƙonsu ya fi ƙarfin fizgar mai wucewa. Masana suna nan suna ja-in-ja a kan haka. Ita rana tamu, akwai alamun cewa a cikin taro aka haife ta, saboda haka zamanta ita kaɗai a yau bai isa hujjar cewa ita kaɗai ta faro ba.

Wani zai ce, to, mene ne amfanin wannan wahala ban da ƙidaya? Amfani mafi girma shi ne awo. Babu sikelin da ake ɗora tauraro a kai. Tauraron da ke shi kaɗai sai dai a dubi launinsa da haskensa, a gwada da wani jadawali da aka lissafa a kwamfuta, a ce nauyinsa kaza ne, shekarunsa kaza. In jadawalin da kuskure, duk abin da aka gina a kansa ya karkace. Tagwaye kuwa suna auna kansu. Bisa ƙa'idar Kepler kamar yadda Newton ya gyara ta, in ka san tazarar kewayensu da zango, ka san kuma shekarun da suke ɗauka su kewayo, sai ka ninka tazarar da kanta har hawa uku, ka ninka shekarun da kansu hawa biyu, ka raba na farko da na biyu. Abin da ya fito shi ne nauyinsu su biyun a ma'aunin nauyin rana. Mu gwada da tagwayen T Tauri na Kudu, waɗanda aka bi sawunsu tun daga 1997. Tazarar kewayensu kimanin zango 12.5 ce, ta ɗan ɗara nisan Zuhalu daga rana, suna kuma kewayowa cikin shekara 27. To, 12.5 hawa uku ya ba da 1,953, 27 hawa biyu ya ba da 729, in aka raba sai a sami wajen 2.7. Da aka bi rawar kowannensu dabam, sai aka ga babban ya ɗan haura ninki biyu na rana, ƙaramin kuwa wajen rabinta. Watau wanda ido bai taɓa gani ba yana gogayya da na Arewa a nauyi. Irin wannan awo, da aka tara shi daga tagwaye da dama, ya nuna cewa tsofaffin jadawalai sukan rage wa ƙananan jarirai nauyi, dole aka sake lissafi.

Akwai kuma kuskuren shekaru. Jaririn tauraro yana dusashewa ne yayin da yake tsukewa, saboda haka mafi haske shi ne mafi ƙuruciya. In aka haɗa hasken taurari biyu aka ɗauka na ɗaya ne, sai a ba shi shekarun da ba su kai nasa ba. Gajimaren da rabin 'ya'yansa tagwaye ne ba a sani ba, duk tarihinsa zai fito a gajarce. Ta wani gefen kuma tagwaye suna jarraba jadawalin, gama tare aka haife su. Jadawalin da ya ba Hassan shekara miliyan 1 ya ba Husaini miliyan 5, shi ke da laifi. An yi wannan jarrabawa da wani gida a burjin Sa mai suna GG Tauri, wanda aka sani da taurari huɗu masu nauyi dabam-dabam, sai a 2014 madubin Paranal suka nuna cewa biyar ne.

Shi wannan gida na GG Tauri ya kai mu ga maganar duniyoyi. Biyu na tsakiyarsa suna da tazarar zango 35 ko kusa da haka, kuma a 1994 aka gano wani ƙaton zobe na ƙura da ya kewaye su tare, daga zango 180 zuwa 260. A 1996 François Roddier da jama'arsa suka ɗauki hotonsa a bayan-ja da madubi mai gyara kansa a Hawayi. Tsakanin zoben da taurarin kusan fili ne, sun share shi da ƙarfin janyowarsu. Lissafi ya nuna cewa aboki yakan datse faifan ɗan'uwansa ya bar masa kimanin sulusin tazarar da ke tsakaninsu. Ƙaramin faifai kuwa ba ya daɗewa. Adam Kraus da abokansa sun nuna a 2012 cewa tagwayen da tazararsu ba ta kai zango 40 ba, kashi biyu cikin uku sun rasa faifansu tun suna da shekara miliyan ɗaya, alhali yawancin waɗanda ke su kaɗai suna riƙe da nasu har shekara miliyan biyu ko uku. A 2016 suka duba manyan taurarin da aka tabbatar suna da duniyoyi, suka ga tagwaye makusanta ba su samun duniyoyi sai kamar sulusin yadda sauran ke samu. Ba a ce ba sa samu sam ba: a 2011 an gano wata duniya, Kepler-16b, mai kewaya rana biyu. Amma duk mai son ya ƙiyasta yawan duniyoyin da ke cikin gungun taurarinmu, tilas ya fara cire rabon da tagwaye suka cinye.

T Tauri kansa bai gama ba mu labari ba. Tagwayen Kudu suna da nasu zoben ƙura da ya kewaye su, muna kallonsa ta gefe kamar faifan da aka miƙo da baki, shi ya sa ido ba ya ganinsu. Suna kuma kewaya na Arewa a hankali, kewayen da ke ɗaukar ɗaruruwa ko dubban shekaru. Tun wajen 2015 masu duban taurari, har da waɗanda ke yi don sha'awa da ƙananan madubai a bayan gidajensu, suka lura na Arewa ya fara dusashewa fiye da yadda aka saba gani cikin shekara ɗari da ta wuce. A 2025 Tracy Beck ta buga nazari cewa bakin zoben tagwayen Kudu ne ya fara gittawa tsakaninmu da shi, kuma in lissafinta ya yi daidai, tauraron da Hind ya gani a 1852 zai iya ɓacewa daga hasken ido har tsawon kusan shekara ɗari. A bayan-ja za a ci gaba da ganinsa, haskensa kuma da zai ratso ta cikin zoben zai ba masana damar karanta abin da ƙurar da iskar suka ƙunsa, sashe bayan sashe, yayin da zoben ke wucewa.